Shekarar da Tururuwa Suka Kwashe Furfura

Jiya ɗaya daga cikinku, waccan mai farin tabarau, ta tsaya a gaban layin Furfura tana ɗaukar hoto da waya. Na ji ta tana ce wa ƙawarta, "Wai fa ciyawa ce kawai, very simple, ko a bayan hostel ka watsa sai ta fito." Ni kuwa a lokacin hannuna na cikin taki. To, tunda yau kun dawo ku biyar kuna neman iri, ku jawo bencin nan ku zauna. Ba zan hana ku ba. Sai dai ku fara jin labarin abin da za ku riƙe a tafin hannu. In kun ji, har yanzu kuna ganin wasa ne, shi ke nan.

Sunana Dauda, amma duk Samaru Baba Mai Ciyawa ake ce mini, kuma da farko tsokana ce. Ni manomi ne ɗan manomi, daga wani ƙauye gaba da Giwa. A wurinmu ciyawa ko dai a nome ta, ko a ba dabba, ko a yi jinka da ita. Da wani ya ce mini zan tsufa ina yi mata taki ina ba ta ruwa kowace safiya, da na ce a duba kansa. Na zo Samaru ina da shekara talatin da ɗoriya, da mata da 'ya'ya biyu, ina tura baro a kasuwa. A coci na san Mama Saratu, wadda ta koya mini sana'ar nan. Tana neman mai ƙarfin ɗiban ruwa, ni kuma baro ya fara cin bayana.

Gajeriyar mace ce, mai ɗan ɗingishi, maganarta ba ta da yawa. Mijinta kafin ya rasu shi ke kula da furanni a gidajen malaman jami'a, a wurinsa ta koyi haɗa ƙasa da dashe. Amma ciyawa tata ce, ba wanda ya nuna mata. Lambunta a lokacin yana wani fili na aro, a gangaren da ya nufi rafin Kubanni. Tana da gamba, wadda masu otal ke so a jikin katanga, da jema ta bakin magudanar ruwa, da tsaure mai ƙanshi, da wasu baƙin ciyayi da malamai ke kawo mata irinsu a takarda in sun dawo daga tafiya. Duk waɗannan in sun kama sun kama. Ko wuta ta cinye su, damina na zuwa tushen zai toho, ka tsaga shi ka raba. Guda ɗaya ce ba haka take ba, ita ce Furfura.

Furfura kyasuwa ce, irin wadda kuke gani ja-ja-ja a bakin hanya bayan damina. Wata rana Mama Saratu tana yankan ciyawar awaki a bakin rafi, sai ta hangi tushe ɗaya a tsakiyar jajayen, ya fi su tsawo, kansa fari fat. Ta yagi bakin zanenta ta ɗaure masa. Kullum sai ta gangara ta duba, tana roƙon masu lauje su kauce masa, suna yi mata dariya, har ya nuna ta kwashe irin. Kowace shekara kuma sai ta bi layi ta zaɓi waɗanda suka fi tsawo da fari, su kaɗai take barin su yi iri. Shekara goma sha biyu ta yi tana wannan zaɓe kafin in zo. Ranar da na fara ganin Furfura a watan Oktoba, na ɗaga hannu sama ban taɓo kanta ba, yamma ta yi, rana na ratsa gashin, iska na kaɗa layin gaba ɗaya. Na tsaya da tulu a kafaɗa har ruwa ya jiƙa mini riga. Ban taɓa sanin ciyawa na da kyau ba sai ranar.

Amma kyasuwa shekara ɗaya take yi ta mutu har saiwa. Abin da ya rage mata a duniya shi ne abin da ke cikin gwangwanin madara ɗaya, mai murfi, da Mama Saratu ke ajiyewa a ƙarƙashin gadonta. Ku riƙe wannan.

Aikin farko da ta ba ni bayan ɗiban ruwa shukar gamba ne a fangali ɗaya, wato ɗan gadon ƙasa da ake tayarwa don renon iri. Ta miƙo mini iri a ƙoƙo ta tafi kasuwa. Na ce a raina yau za ta ga manomi. Na ɗauki fartanya na sassara ramuka a jere kamar da igiya aka ja, na jefa iri, na bi da diddige na rufe na danne, yadda ubana ya koya mini da gero. Da ta dawo ta daɗe tana kallon aikin.

"Ya yi kyau," ta ce. "Wa ya mutu?"

"Mama, ban gane ba."

"Na ga ka yi jana'iza ne. Gero ana binne shi ya tashi. Wannan in ka binne shi ya tafi ke nan, sai ranan tashin matattu."

Mako uku ina ba fangalin nan ruwa don taurin kai, ko tsinke bai fito ba. Ita kuwa ba ta sake ta da maganar ba, ta bar ni da tuluna har na gaji don kaina.

Irin ciyawa so yake ya ga rana. Ana tankaɗe ƙasa da rariya, a haɗa ta da takin da ya shekara ya ruɓe, a baje. Irin kuma a gauraya shi da rairayi, in ba haka ba iska ta ɗauke shi ko ya taru wuri ɗaya. A barbaɗa da yatsu uku kamar mai sa gishiri a miya. Sai katako. Wancan da ke jingine da darbejiya murfin tagar wani tsohon gida ne, ya girme ku duka. Ana shimfiɗa shi a kan fangali, a taka sau ɗaya, a ɗaga a matsa gaba, iri ya manne da ƙasa bai nutse ba. Ruwa ba a kwara shi. Gwangwani ne da aka huhhuda da siririyar ƙusa, a riƙe shi ƙasa-ƙasa ya yi yayyafi. A kafa 'yan sanduna a ɗora zana don inuwa, a zagaye gefen da toka saboda ƙwari. In ƙasa na da laima, kwana uku zuwa huɗu za ka ga kore ya ɗan turo kamar gashin jariri.

Tara irin ma aiki ne. Sai kan ya fara sakin gashi da kansa in ka shafa, sannan a yanka da lauje da sanyin safiya a cusa a buhu. A shanya, a murje a tafin hannu da yashi, a sheƙe a faifai. Buhu guda cike da gashi, abin da zai ba ka bai wuce cikin ludayi ba, kuma a cikin wannan ɗin ma kusan rabi holoƙo ne, ɓawo ba ƙwaya. Sabon iri barci yake yi, in ka shuka shi nan take ba zai kula ka ba, sai ya kwanta watanni a gwangwani. In kuma ya tsallake damina biyu, ya mutu a kwance. Don haka ba a tara shi kamar hatsi. Dokar Mama Saratu biyu ce, ta faɗa mini su tun makon farko. Ba a shuka sai ruwa na uku mai ƙarfi ya jiƙa ƙasa. Kuma ba a shuka duka: rabi a ƙasa, rabi a gwangwani, har sai shukar ta tsaya da ƙafarta.

Masu saye iri-iri ne. Akwai matan sojoji daga Basawa, masu son abin da zai kare ƙofar gida daga idon maƙwabta. Akwai wani mai ɗaukar hoto a unguwar PZ da ke sayen busassun kawuna ya jera a bayan kujerar amare. Akwai wani malami da ya dawo mini da tukunya bayan wata ɗaya, wai mai gadinsa sabo ya nome masa ciyawar tas don ya burge shi. Amma babbar mai sayen Furfura Madam Ebere ce, daga Sabon Gari. Tana da shagon atamfa, ita ce kuma ke ƙawata cocinsu duk ranar biki. Mace ce mai jiki da murya, Hausarta ta kasuwa, in ta ƙare mata ta juya Pidgin. Kowace shekara ranar godiyar girbi, lokacin da ake kai doya da masara da awaki gaban bagadi, wato teburin ibada na gaban coci, Furfura ce ke tsaye a bakin ƙofa da jikin kowane ginshiƙi. Mutane daga wasu coci-coci sukan leƙo don su gani. Ta taɓa ce mini, "Oga Dauda, flower na roba kowa yana da shi. Wannan, na only me get am."

Ina shekara ta shida a lambun mummunar shekarar ta zo, kuma tun kafin damina ta fara. A ƙarshen kakar da ta gabata mai filin ya sayar, za a gina ɗakunan haya na ɗalibai, irin waɗanda wasunku ke ciki yanzu. Masu haƙar tushen gini suka zo Furfura ba ta gama nuna ba. Mama Saratu ta roƙi mako biyu, aka ba ta kwana uku. Muka yanki abin da ya yi kusa, muka tsaga tushen gamba da jema muka kwashe a baro. Bayan an murje an sheƙe, irin Furfura bai kai rabin abin da muka saba samu ba. Wani dattijo a cocinmu ya ara mana sabon fili a hanyar Basawa, ƙasa mai kyau, jigawa, sai dai ba rijiya. Ruwa sai an turo daga nesa, na sha da na tsirarun tukwane kawai.

Ana cikin haka Madam Ebere ta zo har sabon filin. Cocinsu zai cika shekaru masu yawa da kafuwa, za a haɗa bikin da godiyar girbi, baƙi za su zo daga kudu. Tana son Furfura ninki biyu, kuma tana son doguwa wadda za ta kai tagogin sama. Akwai wani hali na kyasuwa da ya kamata ku sani: ko yaushe ka shuka ta, lokacin fitar da kanta ɗaya ne. Wadda aka shuka da wuri ita ke samun kwanakin yin tsawo. Wannan magana ta zauna mini a kai.

Ruwan farko ya sauka, ɗan kaɗan, ƙasa ta shanye ta bushe. Sai ga saƙo yayan Mama Saratu ya rasu a ƙauyensu, can gaba da Maƙarfi. Da za ta tafi ta kira ni ɗakinta, ta durƙusa ta jawo gwangwanin. Shekara shida ban taɓa riƙe shi ba.

"Ban san kwana nawa zan yi ba," ta ce. "In ruwa na uku ya sauka ban dawo ba, ka shuka. Ka san sauran."

"Na sani, Mama."

Kwana biyar da tafiyarta, ranar Talata da la'asar, hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin har ƙasa. Duk manomin da ya ga wannan hadari ƙafarsa sai ta yi ƙaiƙayi. A ƙauyenmu akwai abin da muke kira binne: ka shuka gero a busasshiyar ƙasa kafin ruwa, in ya sauka naka ya riga na kowa fitowa. Ubana da binne ya yi suna. Na dubi hadari, na tuna tagogin Madam Ebere, na dubi ɗan irin da ke gwangwani na ga rabinsa ba zai cika ko fangali biyu ba. Na ce ai wannan ruwa ba makawa. Na gauraya shi duka da rairayi, na barbaɗa a fangali huɗu, na bi da katako, na ɗora zana, na zagaye da toka. Ban binne ba, ai na koyi darasi. Na girgiza gwangwanin na ji shiru, har da ɗan alfahari.

Iska ta taso ta kwashe zana, ta share tokar tas. Hadarin ya yi ta rugugi, ya karkata ya nufi wajen Shika, ko ɗigo bai sauka a kanmu ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne, geron binne yana ƙarƙashin ƙasa ne, a rufe. Ni kuwa na ɗauki dabarar gero na haɗa da dabarar ciyawa, na shimfiɗa iri a sarari a kan busasshiyar ƙasa. Laraba na turo ruwa jarka huɗu na yayyafa, kafin in juya ƙasa ta shanye. Alhamis na zo da sassafe, sai na ga wani baƙin zare ya fito daga fangali ya ratsa fili. Na sunkuya. Tururuwa ne, sahu biyu, masu zuwa da masu komawa, kowace mai komawa da ɗan abu fari-fari a baki. Na shafa fangalin da tafin hannu na kawo kusa da ido, rairayi ne zalla. Na bi huɗun duka da rarrafe. Na zauna a ƙasa. Aikin shekara goma sha takwas na matar nan, na ba ƙwari a kwana biyu.

Na bi sahun har gindin wata kargo a ƙarshen filin, na sami gidansu, rami ɗaya da tulin ƙaiƙayi kewaye da shi. Zuciya ta ɗebe ni. Na je na sayo kalanzir da ashana. Har na buɗe galan, sai na ga bai kamata Mama Saratu ta ji labari a bakin wani ba, na kira ta a waya. Na faɗa mata komai ban rage ba. Da na gama sai ta tambaye ni:

"Ka ga gidan nasu?"

"Ina tsaye a kai, Mama. Yanzu zan ƙone 'yan banza."

"Dauda, ajiye ashanan nan!" Tunda na san ta ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ranar. "Kar ka zuba komai, kar ka taka wurin. In ka ga hadari ka kifa kwano a bakin ramin. Gobe ina hanya."

Washegari da hantsi ta sauka daga Keke da ankon makoki a jikinta, ko gida ba ta biya ba. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta ce in kawo ƙaramar fartanya, da faifai, da cokali, da toka, in kuma aika a sayo tsaki mudu ɗaya, irin na kaji. Muka zauna a inuwar kargo muna jira. Na tambaye ta me muke jira.

"Rana ya take," ta ce. "In zafi ya yi sukan sauka can ƙasa, su bar rumbunan sama."

Nan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Tana ƙarama an yi wata shekarar yunwa a ƙauyensu, kakarta ta riƙa tafiya da ita daji suna haƙar gidan tururuwa. Ashe tururuwa rumbu suke yi, ɗaki-ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, suna tara ƙwayar ciyawa da hatsin da ya zube. Da abin da suka haƙo ake dama kunu a ba yara. Ni da na tashi a gona ina taka gidajen nan kullum, ban taɓa tunanin abin da ke ciki ba.

Da rana ta take muka shafa toka a hannu da ƙafa. Ba ta sari bakin ramin ba. Ta auna taku ɗaya daga gefe, ta sa ni in haƙa rami zuwa gwiwa, sannan ita ta kwanta rub da ciki, mace mai shekara sittin da wani abu, ta riƙa kankare bangon da cokali tana nufar gidan. Tururuwa suka fito suna hawa hannunta suna cizo, ta kakkaɓe ta ci gaba. Can sai cokalin ya faɗa wani ɗan kogo mai faɗin tafin hannu. Ta leƙa, ta kwaso, ta zuba a faifai. Tsohon iri ne, baƙi-baƙi, ta ture shi gefe.

"Na bara ne wannan. Sabon kaya a sama suke sauke shi tukuna."

Ta ɗaga hannu ta kankara sama kaɗan. Ɗaki na uku da ta fasa, abin da ya gangaro cikin cokali sabo ne, mai haske, tsaf kamar an wanke. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta danna da farce a kan cokalin, ta fashe da ɗan farin gari. Ta ɗauki wata, haka. Sai na ga ta yi murmushi.

"Duba nan. Sun ɓare shi, sun watsar da holoƙo a waje. Ba wofi ko ɗaya. Shekara nawa ina sheƙa a faifai, ban taɓa tace iri kamar haka ba. Waɗannan sun fi mu iya aiki, kai kuma za ka sa musu wuta."

Ɗakuna biyar muka kwashe. Duka abin bai cika tafin hannu biyu ba. Kafin mu mayar da ƙasa, ta juye tsakin nan gaba ɗaya a cikin ramin. Na ce, "Mama, ɓarayin za ki ciyar?" Ta ce, "Su ba su san na wani ba ne, a ƙasa suka tsinta. Mu ne muka fasa musu rumbu da sani. Kakata ko a shekaran yunwa sai ta bar musu ɗaki ɗaya."

Saura matsala ɗaya. Tururuwa ba Furfura kaɗai suka tara ba, har da jar kyasuwar daji da ke bakin filin, kuma ƙwayarsu ba ta da bambanci ko kaɗan. Wannan karon ba zancen rabi, don ba mu san nawa ne namu a ciki ba, kuma ba mu san ko cizon tururuwa ya kashe shi ba. Ta ware cokali ɗaya kawai ta mayar gwangwani, don kada a ce an bar shi wofi. Ruwa na biyu ya zo, ta hana ni motsi. Na uku ya kwana yana zuba, da safe muka shuka a fangali ɗaya. Kwana huɗu ina zuwa ina tsugunawa a gabansa kamar mai jinya. A rana ta biyar kore ya turo.

Da tsiron ya yi ganye uku, ta kawo tabarma ta shimfiɗa a gefen fangalin ta ce in durƙusa kusa da ita. Ta kwantar da tsiro ɗaya da tsinke ta nuna mini gindinsa, daidai inda ya fito daga ƙasa. Ja ne kaɗan, kamar an ɗiga masa zoɓo. Ta cire ta yar. Ta kwantar da na kusa da shi, gindinsa fari-kore, ba ja ko ɗis. "Wannan namu ne." Ashe tun tana tsiro Furfura ke nuna kanta, shekara shida ina tare da ita ban lura ba, don ban taɓa shuka ta a gauraye ba. Kwana uku muka yi a durƙushe da tsinke. Da muka gama, tushe sittin da 'yan kai suka rage, a inda muka saba dasa ɗaruruwa. Muka dasa su ɗaya-ɗaya, muka yi musu taki kamar 'ya'yan sarauta, suka yi tsawon da ban taɓa gani ba saboda sun sami sarari.

Sai dai kan da aka yanka don ado ba ya yin iri, ana yanka shi ne tun yana ɗanye. In muka ba Madam Ebere abin da ta nema, Furfura ta ƙare ke nan a karo na biyu. Da ta zo a watan Satumba Mama Saratu ta gaya mata gaskiya, ko kai ɗaya ba za a yanka ba bana. Madam ta ɗora hannu a ka, ta yi Hausa ta yi Pidgin, ta ce ta riga ta yi wa kwamiti alkawari, da wane ido za ta dube su. Na ce mata laifina ne, na ba ta labarin tururuwa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Oga Dauda, you no try at all." Ta zagaya layin sau biyu tana huci, sannan ta tsaya.

"Mama, dole sai an yanka? In ya je coci da ƙafansa ya dawo fa?"

Mama Saratu ta dubi tushen. Ta ce a nemo bokitan fenti.

Tushe ashirin muka haƙa da ƙasarsu, mako uku kafin bikin, muka zaunar a bokitai a inuwa har suka farfaɗo. Ranar Asabar matan cocin suka kawo tsofaffin zannuwa muka naɗe kawunan don iskar hanya, aka jera su a bayan akori-kura, ni ina tsakiya na rungume biyu. Direba ya bi ta PZ a hankali, masu shaguna suna fitowa suna tambaya ko lafiya. Ranar Lahadi ni da Mama Saratu muka zauna a bencin baya, ba ma jin yaren waƙar. Furfura na tsaye hagu da dama da bagadi, da ranta, fanka na kaɗa ta, kanta ya wuce gindin tagogin sama. Madam Ebere ta kafa wani dattijo a gefe, aikinsa kawai ya hana mutane tsinka. Litinin da safe ta dawo mana da ashirin ɗin cif, ta ƙirga su a gabanmu. Daga wannan shekara ne muka fara ba da hayar ciyawa a bokiti, abin da yanzu kowane mai lambu a garin nan ke yi kamar da shi aka haife shi.

Tun daga lokacin kuma, duk ranar da zan yi shuka sai na fara zagaya fili na nemo gidan tururuwa, na zuba musu tsaki a ƙofa. Kafin su gama kwashewa, nawa ya tsiro. Kun ga mudun can a kan bulo, nasu ne.

A ƙarshen kakar muka yanka, muka shanya, muka murje. Gwangwani ya cika har wuya. Ina ɗaure buhunan wofi ina tunanin ko baro na nan inda na bar shi, don na ɗauka tunda an tsira za ta sallame ni, kuma da ta yi ban ga laifinta ba. Sai ta kira ni. Ta juye irin a faifai, ta raba shi biyu da gefen hannu. Rabi ta ƙulle a tsumma ta sa a jakarta, na shuka. Rabin ta mayar cikin gwangwani, ta danna murfin, ta miƙo mini.

"Na ajiya a wurinka zai riƙa zama daga yau."

Na ƙi karɓa. Na ce, "Mama, ni? Ni da na zubar da shi duka?"

"Shi ya sa," ta ce. "Duk garin nan ba wanda ya san yadda gwangwanin nan ke yi in ya yi shiru sai kai."

Yau shekara bakwai da rasuwarta. Gwangwanin na ƙarƙashin gadona, matata ta san ko shara take yi ba ta matsar da shi. Don haka iri zan ba ku, amma ba yau ba, wannan da kuke gani bai ma nuna ba. Ku dawo in ruwa na uku ya sauka, kowa ya zo da tsakinsa. Zan auna muku cokali ɗaya-ɗaya daga na shuka. In kuma tururuwa sun kwashe, kada wanda ya zo yana roƙona in buɗe gwangwani. Zan ba shi cokalin Mama Saratu, in nuna masa inda ake kwanciya.